Tambayar Baba a Kan Zaren Ƙasa

Aikina a dandalin ba shi da wuya. Shafi ne na intanet na teloli da masu koyon ɗinki, wani ya yi tambaya, wani ya amsa. Ni ina cikin masu shara: idan aka maimaita tambayar da aka taɓa yi, sai mu rufe sabuwar, mu nuna wa mai ita hanyar tsohuwar. Ina yi ne a shagon buga takardu inda nake aiki, tsakanin fitar wani da shigowar wani, injin kwafi yana hura mini zafi a ƙafa.

Tambayar da aka fi maimaitawa ita ce ta zaren ƙasa, me ya sa yake cukurkuɗewa a bayan yadi. Babana ne ya fara yin ta. Ni na buɗe masa asusu, shi ya rubuta da yatsa ɗaya. Ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyalin kowa, sai a layin ƙarshe ya faɗi abin da ke damun keken ɗinkinsa. Bara ya rasu. Tambayar tana nan, kuma duk wanda muka tura can, in ya danna "Ni ma haka", sai tsohuwar wayar Baba ta yi ƙara.

Mama ce ke sa wayar a caji. Tana ajiye ta a kan keken, wanda aka lulluɓe da zanin gado. Ba ta duba abin da ya shigo, gilashin ma ya tsage. In ta yi ƙara sai ta ce, "Ana neman babanku," ta ci gaba da abin da take yi. Ba ta kuka. Gidan ne dai ya koma kamar rediyon da aka rage wa murya, ƙarar wayar nan kaɗai ke sa ta ɗaga kai.

Wata safiya Almakashi ya turo mini saƙo. Shi ne babba a cikin masu shara. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma sunan ya zauna masa.

"'Yar Tela, kin ga sabuwar tambayar zaren ƙasa? Mai hotuna."

Na gani. Wata ɗaliba ce ta yi ta. Ta sa hoton yadin, ta faɗi irin kekenta, kuma amsar farko ita ce daidai. A ta Baba kuwa, amsar da ke aiki tana can ƙasa, bayan dogon layin masu amsa gaisuwa.

"Doka ta ce wadda ta fi amfani ake bari, ba wadda ta riga zuwa ba," in ji shi. "Mu rufe ta dattijon nan. Sai mutum ya gama jin lafiyar zuriyarsa kafin ya ga allura."

Ya sa alamar fuskar dariya. Bai san Babana ne ba, ban taɓa faɗa ba. Mu uku ke kula da sashen keke, kuma sai duka mun yarda ake rufewa. Shi ya danna amincewa, ɗayar, Anti Maɓalli, ta danna. Saura ni. Tambayar da aka rufe ba a goge ta, amma ba wanda zai ƙara taɓa komai a cikinta. Wayar za ta yi shiru.

Na rubuta "To", na goge. Wani mutum ya shigo da takardar haihuwa, na yi masa kwafi a juye, na sake.

Da rana Yayana ya biyo, yana aikin tuƙi, ya zauna a kan kwalin takardu kamar kujerar gidansu. Na nuna masa.

"Ki ƙi mana," ya ce. "Kama ki za su yi? Wani Almakashi can, da ganin sunan ma ba shi da mata."

"Gaskiya ya faɗa ai."

"Malama uwar littafi. Ke ko gobara ake yi sai kin duba doka kafin ki ɗebo ruwa."

"Jiya wata ta rubuta a ƙarƙashin ta Baba. Ta karanta ta gaji ba ta kai ga amsar ba, ta warware rigar mutane har yadin ya yage."

Ya dube ni. "Ita ce ta haife ki?"

Ya ɗauki biro ɗaya daga cikin na sayarwa ya sa a aljihu, ya fita.

Na sake buɗe tambayar Baba na karanta daga sama. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ko zafi ko nauyi, ban ji ba. Kalmomi ne, har da inda ya manta bai raba biyu ba. Na koma ta ɗalibar. Na danna amincewa a rufe ta Baba. Wani ɗan layi mai ruwan toka ya bayyana a saman ta Baba: an riga an amsa wannan a wani wuri. Almakashi ya turo babban yatsa. Na share teburi, na kashe injin, na kulle shagon.

Na tarar da Mama a falo tana ninke wanki. Na kama ɗaya gefen zanin muka ninke tare, sannan na gaya mata. Na yi bayanin dokar da tsawo, har da hotunan, har da matar da yadinta ya yage. Ta bar ni na kai ƙarshe.

"Tambayata kike yi, ko gaya mini kike yi?"

"Na riga na danna, Mama."

Ta ɗauki rigar Yaya ta kakkaɓe, ta duba wuyanta.

"Shi ya samu amsar tasa kuwa?"

"Ya samu. Tun a lokacin."

"Ni dai ban ga ranar da ya daina yi wa keken nan tsaki ba."

Ta gama ninke rigar, ta ɗora a kan sauran. Ta tashi ta je wajen keken. Na zaci wayar za ta ɗauka, amma ba ta taɓa ta ba. Ta sunkuya ta zare cajar daga bango, ta naɗe ta a yatsunta yadda ake naɗe ragowar zare, ta miƙo mini.

"Ungo. Taki ai ta fara wasa, kullum sai kin tokare ta da littafi."

Na karɓa. Kanta da ɗumi. Na tsaya riƙe da ita a tsakiyar falo har Mama ta ce in matsa, ina kan tawul.