Ƙanzo a Bayan Randa

Abdulbaƙi mutumin Dutse ne, sana'arsa tsara waƙa. Ba ya rerawa, don muryarsa irin ta ƙofar langa-langa ce. Shi dai ya zauna a ɗan shagonsa na bayan kasuwa ya danna fiyano, ya haɗa baiti, masu fim su zo daga Kano su ɗauka, wani ya rera, a buga sunan wani a bayan kaset. Tun jihar Jigawa tana sabuwa yake wannan, yana jin kansa wani abu.

Waƙa ɗaya ce ta karya shi. Shekarar da mahaifiyarsu ta rasu ya tsara ta, yana hawaye. Masu fim suka ji suka yaba, yabo ya kwashe shi, ya miƙa musu. Suka cire "Inna" suka sa "masoyiyata", sauran suka bar shi yadda yake don lalaci. Da fim ya fito, sai ga wani saurayi mai baƙin tabarau yana bin budurwa, suna zagaye bishiyar mangwaro da waƙar uwar Abdulbaƙi. Wanda ya sayar da akuyar gidansu ma yakan waiwaya. Tun daga ranar Abdulbaƙi bai ƙara haɗa baiti biyu ba.

Sai ya shiga neman ma'anar rayuwa, kamar wani ne ya ɓoye masa ita. Ya hau duwatsun garin don ya yi tunani, rana ta koro shi. Ya kasa dabino a tasha don sayarwa, ya cinye rabi don damuwa. Ana haka aka ƙaddamar da shari'a, makaɗa da yawa suka rataye ganguna, kowa ya koma duba sana'arsa. Yayansa Malam Abdulkahar, mai karantar da yara a unguwarsu, ya kira shi zaure.

"Baƙi, ba fatawa zan ba ka ba, akwai waɗanda suka fi ni sani. Manomi yana ciyarwa, magini yana rufa asiri. Kai, wa waƙarka ta taɓa amfana? Kawo min mutum ɗaya. In babu, ka sayar da akwatin ƙarar nan ka zo ka kama min aiki."

"Yaya Malam, in na rasa zan sayar."

Ya nema ya rasa. Har ya yi magana da mai saye.

Daminar shekarar ta rushe ɗakin Gwaggo Kubura, ƙanwar mahaifinsu, a wani ƙauye gefen Jahun. Bayan kaka aka sake gina mata, su biyun suka hau mota suka je yi mata murna. Suka dace da ranar daɓe. Matan ƙauyen sun taru, sun baza tsakuwa a sabon ɗakin, sun yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, sun durƙusa a jere kowace da madaɓinta, za su doki ƙasa har ta yi tauri kamar dutse. Namiji ba ya shiga wurin. Aka shimfiɗa wa baƙin tabarma a waje, jikin katanga.

Madaɓai suka fara sauka tare. Abdulbaƙi ya ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin tabarma, kamar garin ne ke da zuciya. Muryar Gwaggo ta tashi, mata suka amsa:

"Inna, in na dawo daga nesa,
Wa zai ce min sannu da hanya?
Ƙanzon da kike ɓoye min bayan randa,
Yau wa zai ɓoye?"

Waƙarsa ce. Babu fiyano, babu mai tabarau, kuma Inna ta koma wurinta. Kowane baiti yana faɗawa daidai kan bugun madaɓi, ba ragi ba ƙari. A nan ya tuna inda ya samo karin: a bayan Inna ya fara jin wannan bugu, tana daɓe yana goye. Ashe ba shi ya ƙirƙira ba, ajiya aka ba shi. Daga ciki wata mata ta shaƙe da kuka a tsakiyar amshi, amma madaɓinta bai tsaya ba, sauran suka ɗaga murya suka rufe ta.

Da aka huta, Gwaggo ta fito da ƙwaryar fura, hannunta duk jar ƙasa.

"Gwaggo," in ji Abdulbaƙi, "ina kuka samo waƙar nan?"

"Samowa? Ta kakanni ce, ɗan nan. Waƙar marayu."

"Ai a fim ta fara fitowa."

"Sata suka yi! Wata yarinya ta zo mana da ita tana wani 'masoyiyata, masoyiyata'. Na ce ke, rufa mana baki. Ka taɓa jin budurwar da ke ɓoye wa saurayi ƙanzo? Uwa ce wannan. Muka mayar da ita yadda take."

"To in na ce miki ni na yi ta fa?"

Gwaggo ta dube shi daga hula har takalmi, ta fashe da dariya. "Kai? Kai da ko kiran kaji ba ka iya ba? Sha furarka. Rabi'atu da ka ji tana kuka, watan jiya aka binne uwarta. Ta ƙi ci, ta ƙi magana, ko hawaye ta ƙi yi, har muka fara tsoro. Yau ne ta saki. Wanda ya yi waƙar nan ya san rashi, kuma ya daɗe a ƙasa. Allah Ya jiƙansa."

"Amin," in ji Abdulbaƙi.

Ta koma ciki. Bugu ya sake tashi.

Malam Abdulkahar ba ya kallon fim, bai taɓa jin waƙar ba sai yau. Tun da aka fara carbinsa ya tsaya cak a hannunsa. Can ya yi magana, idonsa a ƙasa.

"Bayan randa. Cikin ƙaramar ƙwaryar nan mai ɗinki."

"Ita ce, Yaya Malam."

"Ni ma tana ɓoye min. Na zaci ni kaɗai ne."

Ƙasa tana ta amsawa a ƙarƙashinsu. Malam ya goge fuska da hannun riga, ya gyara murya, ya koma yadda aka san shi.

"Mutum ɗaya na ce ka kawo, ka kawo ɗaki guda. Ka je ka ba mai sayen nan haƙuri. Amma ka ji ni da kyau, Baƙi: kada ka ƙara sayar da Inna."