Kabad ɗin Zunilda

Ni ne na saki katakon. Na gaya wa Ña Petrona mai shago cewa zamewa ya yi, na gaya wa likita ma haka, ko da yake shi bai tambaye ni ba, amma gaskiyar magana yatsuna ne suka gaji na bari. Katakon lapacho ne, irin wanda in ka jefa shi kogi nutsewa yake yi, ni kuwa shekara ashirin da shida ke nan abu mafi nauyi da nake ɗagawa shi ne alli. Gefen da nake riƙe da shi ya daki ƙasa, nauyin duka ya koma kan Don Eulogio, ya yi taku biyu da baya ya zauna daɓas cikin dusar katako.

Na tsaya jiran zagi, don ya iya shi, amma bai zo ba. Ya dafe ƙirji yana jan numfashi, leɓensa ya yi toka-toka. Da ya samu bakin magana sai ya ce, "Farfesa, duba min kusurwar. Ta ɓantare?"

Na duba. Katakon lafiyarsa lau, simintin ɗakin ne ya ɓantare.

Don Eulogio Cáceres maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, a layi na uku bayan tashar mota ta Villarrica. Shekara talatin da biyar yana tuƙa babbar mota, yana ɗaukar auduga da waken suya, da ya ajiye aiki sai ya mayar da ɗakin ɗinkin marigayiya matarsa wurin sassaƙa. Ba kafinta ba ne, kuma in ka kira shi haka ransa ɓaci yake yi, wai kafinta sauri yake yi. Bai taɓa sayar da ko cokali ba. Farfesa kuwa da yake kirana ba girmamawa ba ce. Labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare, ina sa yara haddace sunayen kogunan da ni kaina ban taɓa gani ba, shi kuma duk ya ƙetare su da mota.

Kullum ƙarfe huɗu nakan shiga gidansa mu zauna gindin mangwaro mu sha tereré, shayinmu na ruwan sanyi da ake sha a ƙahon sa. Shi ke zuba ruwan sanyi a kan ganyen, ya miƙo min ƙahon, in zuƙe in mayar, ya zuba nasa. Ai an san ƙa'ida, ba ka cewa na gode sai in ka ƙoshi, kana faɗa an cire ka daga zagayen. Ni a zagaye na uku nake faɗa, daidai lokacin da yake fara bayanin yadda katako ke shan damina ya kumbura. Duk da haka ban taɓa fashin zuwa ba. Gidana ba kowa sai rediyo, tun da matata Graciela ta tafi wurin yayarta a Asunción don ta yi sati biyu, yau shekara shida.

Kabad ɗin da yake haɗawa na 'yarsa ne, Zunilda, ita kaɗai gare shi. Tana Buenos Aires tana kula da wata tsohuwa, takan kira shi ranar Lahadi, minti biyar, rabinsa tambayar ko ya ci abinci. Wata Lahadi ta ce masa farantan mahaifiyarta da ta tafi da su har yanzu suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, ba wurin jera su. Magana ce irin wadda ake faɗa don kada waya ta yi shiru. Shi kuwa ya ɗauke ta umarni. Ya samu awon wurin daga bakinta da dabara, bai gaya mata dalili ba, ya shiga aiki. Shekara uku. Ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa, kowace kusurwa haƙora ya yanka mata suka shige juna kamar yatsun mai roƙon Allah. Jikin lapacho ne, cikin durowoyin kuma katakon al'ul, wai don in ta buɗe ta ji ƙanshin gida. Wani tsohon abokin tuƙinsa ya yi alkawarin ɗora shi a mota ya kai mata har ƙofa.

Ranar da na saki katakon, mijin Ña Petrona ne ya kai mu asibiti. Likitan ya ce zuciyar ta kumbura, kuma ba yau aka gano ba, tun watan Maris ya gaya wa mai ita. Ya ce kada ya ƙara ɗaga abin da ya fi kofi nauyi. Da na bi shi waje na tambaye shi saura nawa, sai ya ce in akwai na nesa a kira su.

Muna komawa gida na ce zan kira Zunilda. Don Eulogio ya ce in na kira ta, ni da shi sai a lahira. Ta riga ta ce za ta zo hutun Disamba, ya ce, a bar ta ta zo a Disamba. In ta zo yanzu me za ta gani, akwati marar ƙofa? Saura katakon sama, da ƙofofi biyu, da shafa kakin zuma.

"Hannuwanka za ka ara min," in ji shi.

"Waɗannan da suka kusa kashe ka?"

"Su kaɗai ne ba su da aikin yi a layin nan."

A watan Agusta muke, bishiyoyin lapacho na bakin titi sun zubar da ganye sun cika da fure ja-ja, ana taka shi har ƙofar gida. Lambar Zunilda tana rubuce jikin kalandar kicin ɗinsa, kullum ina wucewa ta gabanta in zan ɗebo ƙanƙara. Na haddace ta ba da niyya ba. Sau biyu na danna ta a wayata a cikin ɗakin malamai, sau biyun na goge. Na gaya wa kaina amanar dattijo nake riƙewa. Akwai wannan, amma akwai kuma cewa shekara shida ba wanda ya jira ni a ko'ina, yanzu kuwa ina fitowa daga makaranta zan hango shi zaune a bakin ƙofa yana duba agogo.

Shi yana kan kujerar roba da bargo a ƙafa, ni ina tsaye da kurfi da guduma, yana tuƙa ni da baki kamar yadda yake tuƙa mota. Sassauta. Ba haka ba. Bi jijiyar katakon, kada ka yi musu da ita. Ranar da na fara sassaƙa gurbin hinji na zarce layi da kaurin farce, sai ya tambaye ni ko haka nake gyara wa yaran mutane jarrabawa. Ya sa na yanko wani siririn ɓallin katako na cusa da gam, muka jira kwana biyu ya bushe, na sake. Ya ce ba wanda zai gani. Da na yi murna sai ya ƙara da cewa shi dai ya gani.

Ña Petrona takan aiko da miya da dafaffen rogo, ni nake cinye yawanci. Wata rana ta tare ni a shago ta tambaye ni ko yarinyar ta sani. Na ce ana kan hanyar sanar da ita. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ita ta binne mijinta na fari da 'yan'uwa uku, ta san kalar ƙafar nan tasa da ta kumbura. Na sayi ashana da ba na bukata na fita.

Ranar Lahadi Zunilda ta kira ina wurin. Ya gyara murya kafin ya ɗauka, ya ce mata lafiyarsa ƙalau, ya ci nama, har ya yi mata ƙorafin cewa maƙwabcinsa malamin nan ya dame shi da surutu. Da ya ajiye wayar sai da ya yi minti goma kafin numfashinsa ya daidaita.

A satin ƙarshe na Satumba na miƙa masa ƙahon, don ni na koma mai zubawa, ya zuƙa sau ɗaya ya mayar min ya ce na gode. Na riƙe butar ban san abin da zan yi da ita ba. Shekara goma sha huɗu ban taɓa jin kalmar daga bakinsa kafin ruwa ya ƙare ba. Na ce masa yau zan kira ta, ko ya so ko ya ƙi.

"Ƙofa ɗaya ta rage, Farfesa," ya ce. "Ka sa ta, ni da kaina zan kira."

Washegari Alhamis na ce wa shugaban makaranta haƙori ke damuna, na dawo tun ƙarfe goma. Ya riga ya koya min yadda ake gane kabad ya yi: in ka tura ƙofa ɗaya ta rufe, iskar ciki za ta ɗan ɗaga ɗayar, kamar abin yana numfashi. In bai yi haka ba, akwati ka yi. Na durƙusa na ba shi baya, ina ɗaure hinjin ƙasa, ina ba shi labarin wani yaro da ya rubuta min cewa babban birnin Peru shi ne Bolivia. Na miƙe na tura ƙofar hagu. Ta dama ta ɗaga kaɗan ta koma. Na sake turawa, ta sake ɗagawa.

"To, me ka ce?" na tambaye shi.

Bai ce komai ba. Na ɗauka yabo ne, don ban taɓa yin aiki ya rasa abin faɗa ba, har na tura ƙofar sau uku ko huɗu ina jin daɗin kaina kafin in juya. Kansa ya karkata kan kafaɗa, gwangwanin kakin zuma yana kan cinyarsa, ya buɗe murfin.

Ban buƙaci duba kalanda ba da zan kira ta.

Awa ashirin ta yi a mota, ta iso ana shirin fita da gawarsa daga coci. Mace ce 'yar ƙarama, da furfura a gaban goshi, da jaka ɗaya. Bayan an dawo daga maƙabarta ta same ni a gindin mangwaron ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun Agusta. Ta ce wata biyu ke nan. Na ce shi ya hana, yana da dalili, zan nuna mata. Ta ce ba yanzu ba. Kwana tara ana addu'a a falon kowace yamma, mata suna jan carbi, ana raba chipa, burodin nan na garin rogo, da shayi, ba ta sake yi min magana ba sai gaisuwa. Ni kuma da rana, in ta fita, sai in zagaya ta baya in shafa kakin, in goge da tsohuwar rigarsa. Na yi shafi uku, kamar yadda ya ce.

Rana ta goma da safe, motarta ƙarfe biyu za ta tashi, ta ƙwanƙwasa min ƙofa ta ce in zo in nuna mata. Na buɗe ɗakin na ja labulen taga. Kabad ɗin yana tsaye a tsakiya, ya yi duhu yana sheƙi, ya kusa kai ni tsawo. Na yi mata bayani fiye da yadda ya kamata. Na nuna mata haƙoran kusurwa, na ce ba ƙusa, na tura ƙofa ɗaya ɗayar ta ɗaga, har wurin da na yi kuskure na nuna mata. Na ce na farantan mahaifiyarta ne, shekara uku yana yi, ba ya so ta gan shi bai kammala ba.

Ta jawo durowa ɗaya ta sunkuya ta shaƙa, ta daɗe a haka. Ta tambaye ni ko ya ga an gama. Na ce ina jin ya gani. Ban sani ba, amma haka na ce.

Sai ta ɗora hannunta a gefen katakon sama, ta ware babban yatsa da na tsakiya, ta matso da babban, ta sake warewa, tana tafiya da shi a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan. Da farko na zaci shafa shi take yi. Da ta kai ƙarshe ta dawo ta sake daga farko, wannan karon leɓenta yana motsi.

"Don Atilano," ta ce, "da me ya auna wannan?"

Na ce da awon da ta ba shi.

"Wata rana ya tambaye ni faɗin bangon da ke tsakanin ƙofar kicin da taga. Na zaci hira ce. Ba ni da tef, sai na auna da hannu na ce masa taƙi bakwai."

Na tuna hannun da ya riƙe sitiyarin babbar mota shekara talatin da biyar, wanda in ya kama ƙahon tereré ba ka ganin ƙahon. Shi ma bakwai ya auna da nasa hannun, bai ƙara ba bai rage ba, don mutum ne da ba ya wasa da awo.

Ba ta yi kuka ba. Ta bar hannun a buɗe a kan katakon, tana kallon taga, a waje mai sayar da chipa yana wucewa da kekensa yana kira. Zagaye na biyun da ta yi na bi ta da ƙirga a zuci. Taƙi tara ne da hannunta, har da ɗan saura.