Kwanuka Tara a Gidan Mzee Vuai

Da kwanon kunu a hannuna na tura ƙyauren, abin da ban taɓa yi ba a shekara ashirin ɗin da muka yi muna maƙwabtaka da dattijon nan Mzee Vuai. Kullum ta saman shingen ganyen kwakwa nake miƙa masa abinci, don gidansa gidan karnuka ne. Duk karen da aka yar a tsibirinmu, mai ƙazuwa ko mai karyayyar ƙafa, can yake ƙarewa. Amma ran nan na yi sallama sau uku, ko haushi ɗaya ban ji ba.

Na tarar da shi a durƙushe da diga a hannu. Karnuka takwas ne a jere a gindin mangwaro, bakinsu duk kumfa, ya rufe kowanne da tsohon buhu.

"Bi Mize, yau ke ce a cikin gidana?" in ji shi, don da Bi ake kiran mace a wajenmu saboda girmamawa. "Taka a hankali, kar zanenki ya taɓa."

"Me ya same su?"

"Kan kifi suka ci. An barbaɗa masa maganin ɓera."

Kwanon ya kusa suɓuce mini. A wajenmu, masunta kan wurga kawunan kifi ta saman shingen nan a matsayin sadaka, su wuce ba tare da sun shiga ba. Da safiyar nan da idona na ga Shaame, mai shanyar ƙananan kifin nan da muke kira dagaa a bakin teku, ya juye kwando guda. Ina shara a ƙofar gida, har na ɗaga murya na ce masa, "Allah ya saka da alheri!" Shi kuwa marar kunyar ya amsa da amin.

Karya ɗaya ce ta tsira, Tunu, mai ƙafa uku. Kafin ta ɗingisa ta iso, 'yan uwanta sun cinye.

Na fita neman wanda zai kama masa haƙa. Maza uku na roƙa, kowa da uzurinsa, wai ya yi alwala. Ƙasar tsibirinmu kuwa taƙi ɗaya ce, ƙarƙashinta dutse. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya ya yini a rana yana sara, ya ƙi yarda a zuba su a teku. A rami na shida ya kife. Biyun da suka rage ni na binne su, ni da ko inuwar kare ba na so.

Da yamma na tare Shaame a hanyar masallaci.

"Kai ne, ko?"

"Ni ne, sai me?" ya ce, yana gyara hula. "Ana ta yaɗawa wai karnuka na lasar mini kifi. Wa zai sayi najasa? Iyalina za su ci yashi ne?"

"Ka taɓa ganin ɗaya a kan tabarmarka?"

"Sai na jira na gani? Ke dai ki je ki ji da tukunyarki, uwar 'yan sa ido."

Kwana uku Mzee Vuai ya yi a kwance, rabin jikinsa ba ya motsi. Ina ɗura masa shayi da cokali, Tunu tana bakin ƙofa, don ko a lokacin lafiyarsa bai taɓa barin kare ya shiga ɗakin da yake salla ba. A rana ta uku ya dube ni ya ce, "Fuskar nan taki ba ta alheri ba ce."

"Haka Allah ya yi ta."

"Ki rabu da Shaame. Ki dai riƙa ba Tunu ruwa."

"Na ɗauki alkawarin ruwa," na ce.

Ya gane sarai, don ya yi ɗan murmushi da gefen bakin da ke aiki. Kafin la'asar ya cika.

Daga inda mu mata muke zaune na hango an fito da makara. Wa ke gaba, kafaɗa a ƙarƙashin katako, muryarsa ta fi ta kowa wajen salati? Shaame. Wallahi ji na yi kamar an zuba mini barkono a ƙirji. Ban yi kuka ba a ranar, haushi bai bar ni ba.

Ranar Alhamis jirgin 'yan sari ya iso daga babban tsibirin Unguja. Shaame ya baza dagaa ɗinsa na wata guda a kan tabarmi goma sha biyu, sun bushe ƙarau suna ƙyalli, yana ta washe baki da baƙi. Na ɗaura wa Tunu igiya a wuya. Ban ba ta abinci ba tun jiya, Allah ya yafe mini wannan. Na ja ta muka gangara, na tsaya a kan tabarmar farko, na saki igiyar.

Ta ci, ta lasa, ta yi atishawa a ciki. Na bi da ita ta biyu, ta uku, har ƙarshe, a hankali kamar mai raka amarya.

"Ke mahaukaciya ce?" Shaame ya taso da sanda.

"Taɓa ta mana! Taɓa ta a gaban mutane, ka faɗa musu abin da ka zuba wa takwas ɗin."

Sandar ta tsaya a sama. Wata 'yar sari mai ƙiba ta tattare buhunanta tana cewa, "A'a, baba, ni ba na kai wa mutane yawun kare."

"Ai da sauƙi, Shaame," na ce. "Ka wanke su sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ɗaya bayan ɗaya. Kana da lokaci."

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka ce na yi zalunci, yaransa me suka yi? Matarsa ta daina gaishe ni har yau. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi, daɗi sosai, tun daga bakin teku har ƙofar Mzee Vuai. A nan ne daɗin ya tsaya, ya ƙi shiga tare da ni.

Na tsuguna a bakin randa na wanke hannuna sau bakwai, ɗaya da ƙasar da ya haƙo. Sai a lokacin hawaye suka zo. Kwanukan na nan a jikin shinge yadda ya bar su, tsofaffin jarkoki da ya yanka biyu, guda tara. Ban san wanne ne na Tunu ba, sai na cika su duka.

Tunu ta ɗingisa ta wuce takwas ba ta ko sunsuna ba. Ta sha a na ƙarshe, sannan ta je bakin ƙofar ɗakin ta ɗora haɓarta a kan silifas ɗinsa.