Gwaji a Motar Kaji

Sunusi ya danna babban yatsansa a kan shimfiɗar, yatsan ya kusa taɓo katakon teburin da ke ƙarƙashinta. Ya janye hannu, ya dubi matar da ke tsaron shagon.

"Wannan ce ta lokacin sanyi?" ya tambaya da Turancinsa na direbobi.

Baturiya ce mai furfura. Ta ce ita ce, ta nuna masa wata lamba a jikin kwalin. Ta ce lambar ce ke faɗin yadda shimfiɗa ke tare sanyi, wannan biyar ce, ta isa kwanan tanti a kan tsauni a watan Disamba. Sunusi ya sake matsa ta. Ko da yake an hura ta, ba ta da kauri, kuma tana ƙara kamar ledar biskit.

Da sassafe ya baro unguwarsu ta Ardwick a Manchester da kaji daskararru, ya gama sauke wa mahautan Birmingham, sannan ya biyo unguwar Erdington saboda saƙon 'yarsa. Shifa ce, shekarunta sha shida. Makarantarsu za ta kai su kwanan tanti a tsaunukan bayan Manchester ƙarshen mako, kuma gobe da safe malaminsu zai duba kayan kowa. Wanda shimfiɗarsa ba ta kai ba, ba za shi ba. Uwarta Zinatu ce ta amince da tafiyar. Shi Sunusi tun farko ya faɗi nasa: mutum yana da ɗaki, yana da hita mai ɗumama shi, gwamnati ba ta kore shi ba, ya ɗauki ƙafa ya je ya kwana a daji. Bai ga hankali a ciki ba, har yau kuma bai gani ba. Amma shi aka aika, don shi ke da mota.

Ƙofar shagon ta buɗe. Gamaliel ya shigo yana haki, da wata ƙatuwar jaka a kafaɗa. Mutumin Pankshin ne, bas yake tuƙawa a nan Birmingham. Tare suka yi dakon kwalaye a wani sito shekarar da suka zo ƙasar, tun daga nan ba su rabu ba.

"Alhajin kaji! Ka saya?"

"In sayi me? Zo ka ga abin da suke kira katifa. Zanin gado ya fi ta kauri."

"Shi ya sa na ce ka jira ni." Gamaliel ya sauke jakar ya buɗe. Katifar iska ce, irin wadda ake hura wa baƙi a falo, matarsa ce ta aiko wa Shifa da ita. "Celestina ta ce a kai wa 'yarta. In aka hura ta, har gwiwarka take kaiwa. Surukata ta yi wata uku a kanta, da ƙyar muka raba su."

Fuskar Sunusi ta saki. Wannan ita ce katifa. Ya juya ya nuna wa Baturiyar, kamar wanda ya kawo shaida kotu.

Ta girgiza kai. Ta ce a falo lafiya lau ce, amma a kan ƙasa mai ƙanƙara iskar cikinta sanyi take ɗauka, ta miƙa wa bayan mutum har gari ya waye. Ta ce babu malamin da ya san aikinsa da zai bar yarinya ta hau tsauni da ita.

Gamaliel ya matso, ya rage murya duk da matar ba ta jin Hausa.

"To ai ka huta, mutumina. Ka kai wannan, ticha ya ce no, yarinya ta kwana a gida. Ba kai ka hana ba, ba ka yi faɗa da Madam ba. Ba abin da kake so ke nan ba?"

Abin da Sunusi yake so ke nan, babu ƙarya. Ya tsaya yana kallon jakar. Ya tuna Shifa jiya a kicin, ta jera takalmi da fitila da safa a ƙasa tana ta ɗaukar su hoto, tana magana da sauri da Turancin nan na Manchester da rabinsa ke wuce shi. Bai taɓa ganin ta yi murnar wani abu haka ba tun tana firamare.

"Ni ba na sayen abu da lamba," ya ce. "Sai na gwada."

Ya tambayi matar ko za ta iya ba shi shimfiɗar ya fita da ita waje. Ta ce ya kwanta a nan cikin shago, kowa haka yake yi. Ya ce shagonta da ɗumi, ko a kan jarida ya kwanta zai ji daɗi. Yana da mota mai firiza a bakin titi, babu kaya a ciki. Ta ce ba a fita da kaya ba a biya ba.

"Zan bar miki wannan," ya ce, ya dafa kafaɗar Gamaliel.

Matar ta dubi Gamaliel, ta dubi Sunusi.

"A garinmu haka ake yi," ya ce. "Ka ɗauki kaya, ka bar mutum. In ban dawo ba, naki ne. Yana tuƙa bas, ba ya cin abinci da yawa."

"Ƙarya yake yi, ina ci," in ji Gamaliel. "Kai Bakano, ni ka mayar jingina? Ko agogo ba ka da shi?"

"Agogona yana da amfani."

Matar ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta jawo wa Gamaliel kujerar zaman tanti, ta ce ya zauna inda za ta riƙa ganinsa.

Sunusi ya kunna firiza, ya hura katifar Gamaliel da famfonta, ya tura ta bayan mota. Ya saƙala ƙofa da katako don kada ta rufe da shi. Ya cire jaket ya kwanta rigingine.

Da fari daɗi. Taushi kamar gadon otal. Ya ce a ransa Baturiyar nan ciniki kawai take nema. Ya ɗan jima yana kallon rufin motar, sai ya ji abu yana hawowa ta ƙasa, ya fara da ƙugu, ya bi gadon baya, ya kama kafaɗu. Cikinsa da ƙirjinsa ba su ji komai ba tukuna, amma bayansa ya zama kamar an jingina shi da randa.

Nan ya tuna kakarsa a ƙauyensu na wajen Tudun Wada. Gadonta na ƙasa ne, da rami a ƙarƙashi. In sanyi ya shigo, da magariba sai ta kwashi garwashi a kasko ta tura ramin. Mayafinta ɗaya ne tal, tsohon gwado, amma ba ta taɓa yarda ta kwanta gadon bai yi ɗumi ba. Shi kuwa ya zo ƙasar Turawa yana ta tara barguna, ya manta ta inda sanyi ke shiga.

Ya ture katifar, ya shimfiɗa ta shagon. Ya kwanta tana ƙara a ƙarƙashinsa. Ya jira sanyin ya hawo. Hancinsa ya daskare, yatsunsa suka fara ciwo, kunnuwansa suka yi zafi. Bayansa kuwa shiru. Can ma sai ya ji ɗuminsa na dawo masa. Ya ƙara jira, don kada a ce ya yi gaggawa. Wani yaro da uwarsa suka leƙo ta ƙofar, uwar ta ja shi suka ƙara sauri.

Ya koma shagon yana atishawa. Gamaliel na zaune da kofin shayi da biskit a hannu.

"Ka dawo da wuri. Mun fara sabawa."

"Tashi, na fanshe ka." Ya ɗora shimfiɗar a kan teburin matar. "Wannan."

Matar ta juya za ta ɗauko sabuwa a kwali. Ya ce a'a, wannan ɗin dai. Ta ce ta gwaji ce, kowa ya taɓa ta, ga sabbi iri ɗaya. Ya ce bai san sabbin ba. Wadda ya kwanta a kai ita ya sani, ita zai biya. Ta ɗaga kafaɗa ta naɗe masa.

A bakin mota Gamaliel ya taya shi sace iskar katifar.

"To yanzu ka kai yarinyar tsauni da hannunka ke nan."

"Ka gaishe da Celestina. Ka ce mun gode, a ajiye wa surukarka."

Ya kama hanyar Manchester da hita a buɗe har ƙarshe, bayansa bai daina tsami ba sai da ya wuce Stoke.

Ya tarar da su a kicin, Zinatu tana tuƙa tuwo, Shifa tana zaune a kan jakarta. Ya miƙa wa Shifa ƙunshin. Ta warware da sauri, ta juya gefe tana neman lambar. Da ta gani ta yi tsalle.

"Five! Baba, five ce! Ya aka yi ka sani? Na ɗauka irin ta baƙi za ka kawo."

"Har yanzu ban ga hankali a tafiyar nan ba," ya ce, yana cire takalmi. "Ki sa safa biyu. Ki kira uwarki in kun isa."

Shifa ta hura ta, ta shimfiɗa a kan tayil, ta kwanta ta kifa fuska. Sai ta ɗago, ta sake sunkuyawa ta shinshina.

"Mama, zo ki ji. Me ya sa take ƙarnin kaji?"

Zinatu ta ajiye muciya. Ta dubi shimfiɗar, ta dubi mijinta da ke tsaye ya manna bayansa da hitar bango, hancinsa ja. Ya yi atishawa.

"Haka suke zuwa daga kamfani," ya ce.

Shifa ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta mayar da kumatunta kan shimfiɗar, ba ta goge ba.

"Baban Shifa," in ji Zinatu, "zauna in dafa maka citta."