Busasshen Idon Wanzami

Sista Edith ta ja fatar idona ƙasa, ta saƙala wata 'yar siririyar takarda, ta ce in rufe ido minti biyar kada in motsa. Ni Jalo, wanzamin da ya shekara hamsin da aska a hannu, na zauna shiru a asibiti kamar ɗan yaye.

'Yata Sakinatu ce ta matsa mini muka zo. Shekaranjiya a rumfata ta unguwar Rumde a Yola ina yi wa wani dattijo aski, sai kansa ya narke a gabana kamar ina kallonsa ta cikin ruwa, na yanke shi a bayan kunne. Kafin ranar ban taɓa yankan mutum ba. Ko a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, shekarar da muka gudo daga Mubi a ƙafa, nakan aske kai arba'in a yini da aska ɗaya, ba wanda ya ga jininsa.

Sista ta zare takardar ta duba.

"Baba, idonka a bushe yake."

"A bushe? Dubi bakin rigata. Yini nake ina sharar hawaye."

"Wannan ruwan ƙaiƙayi ne, zuba yake ya wuce. Ido yana da wani ɗan maiƙo da ke riƙe masa danshi, naka ya ragu. Shi ya sa kake jin kamar yashi, gani ya dushe sai ka ƙifta. Me kake sa masa?"

"Kwalli. Da na kemis mai kawar da ja."

"Duk ka bari." Ta miƙo mini wata 'yar kwalba. "Wannan sau huɗu a rana. Safe da yamma ka ɗora tsumma mai ɗumi a kan idon. Kada ka bar fanka tana buga maka fuska. Kuma ku masu aikin ƙura ido, mantawa kuke yi ku ƙifta."

Na rage murya don kada Sakinatu ta ji. "Makancewa zan yi?"

"Ba makanta ba ce. Amma ba ya tafiya gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi. In gani ya dushe kana aiki, ajiye askar, ka ɗiga, ka jira."

"A gaban mutane?"

"A gaban kowa ma, Baba."

Yarinyar kirki ce, amma ba ta san sana'armu ba. Samari sun koma wajen masu injin aski, abin da ya rage mini askin suna ne, shi kuwa mata ke da shi. Ranar da suka ce idon wanzami ya taɓu, ba uwar da za ta sake miƙa masa jinjiri. Gidana na Mubi ya ƙone, shanuna biyu sun tafi. Sunana kaɗai na shigo da shi Yola. Kuma washegari sunan jikan Hajiya Zulaihatu ne a Shagari Lokos, matar da muke kira Dada, wadda duk unguwar ke tambaya wane wanzami za a kira.

A cikin keke mai ƙafa uku, muna hanyar gida, Sakinatu ta ce, "Baba, ka aika musu ba ka da lafiya."

"Ni na aske uban yaron nan a Mubi yana kwana bakwai. Wa za a kira, mai inji?"

Ta juya kai tana kallon titi.

Washegari da hantsi rana ta riga ta yi zafi. An shimfiɗa mini tabarma a baranda, mata sun cika wurin, an kafa wata ƙatuwar fanka tana hura ni kai tsaye. Hajiya ta zauna da jinjirin a cinya.

"Jalo, a yi mana irin na ubansa."

"Dada, ai ya fi na ubansa, yanzu hannu ya nuna."

Aka yi dariya. Na jiƙa kan da ruwan ɗumi da sabulu, na yi bismilla. Ƙeya ta fita sumul, gefen dama ya fita. Ina isa maɗiga, inda fata ke bugawa ba ƙashi a ƙarƙashinta, sai yashin nan ya taso. Na ƙifta, ya washe, ya dawo. Gashi da fata suka zama abu ɗaya.

Hannuna ya san hanya. Na rantse da na ci gaba da wuya a ga kuskure. Kwalbar tana cikin zabira a gindin ƙafata, mata kusan ashirin suna kallo. Jinjirin ya motsa, na ji maɗigarsa tana bugawa a ƙarƙashin babban yatsana.

Na naɗe askar na ajiye.

"Dada, a kashe mini fankar nan."

Aka kashe. Na buɗe zabira, na ɗaga kai sama, na ɗiga dama, na ɗiga hagu. Daga baya na ji wata ta ce a hankali, "Ashe ba ya gani."

"Lafiya, Jalo?" in ji Hajiya. Ta ɗan ja jinjirin jikinta.

"Bushewa ce kawai. An duba ni jiya. Ki ba ni minti biyu."

Minti biyun nan sun fi mini tafiyar Mubi tsawo. Da na buɗe ido na ga kowane silin gashi daban. Na ɗauki aska na gama, kan ya fito yana sheƙi. Hajiya ta juya shi a haske, ta duba bayan kunnuwa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ma sha Allah," ta ce.

Ta raka ni bakin ƙofa. Na tuna mata maƙwabciyarta Kausar ta haihu, suna ranar Talata.

"Za su aiko maka," in ji ta, tana gyara mayafi.

Shekara goma ita ke gaya mini rana da lokaci da bakinta, sai yau.

Na samu Sakinatu tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Ta ɗago ta dube ni.

"Ya aikin, Baba?"

"Ko ƙwarzane babu."

Na rataye zabira, na zauna a inuwa.

"Ɗora mini ruwan ɗumi, ki nemo tsumma mai tsabta."