Zauren da Trilok Bai Ga Rufinsa Ba

"Ku sauke shi a nan, ku bar shi ya numfasa," in ji Govindi. Magina biyun suka ajiye kujerar a gefen hanya, da tsohon a kanta. Trilok Pant ya yi tari har idanunsa suka kawo ruwa, sannan ya dube ta.

"Su ne suka gaji, Govindi. Ni a zaune nake kamar ango."

"Angon da likita ya ce kada ya fita ƙofar gida. Dajyu, kai dai ba ka jin magana."

Haka take kiransa tun suna yara, wato yaya, don katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Ya tafi Delhi ya yi rayuwarsa yana zana wa masu kuɗi benaye, ita kuwa ta yi aure a ƙauyen, ta haifa, ta rasa miji. Da ya dawo da furfura da ciwon huhu, ita ce mai miƙo masa gurasar tamba da man shanu ta kan katanga.

Aikin da ake kai shi ya gani zaure ne na Hemlata, 'yar ƙanensa, mai koyar da yoga. Ta so wurin da baƙi za su zo su zauna makonni, su motsa jiki, su koyi sarrafa numfashi. Trilok ya ce zai zana mata, amma da sharaɗi: ba za a sare itace ko ɗaya ba. Ya lanƙwasa bango ya kewaye wani ƙaton dutse maimakon a fasa shi. Ya sa aka yi ginin da duwatsun wurin da jar ƙasa, katakon kuma daga gidajen da suka rushe. Tagogi suna duban gabas, rana ta ɗumama ɗaki ba sai an hura wuta ba. Daga hanyar mota, in ba nuna maka aka yi ba, sai ka ɗauka ɗaya ce daga gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin tsaunin.

Rufi kawai ya rage, ga damina ta matso, masu fasa falalen dutsen da ake rufi da shi a can kuma sun ce sai bayanta.

Hemlata ta tsuguna gaban kujerar. "Baffa, mu sa kwano kawai. Nan da nan za a gama, ka shiga ka zauna a ciki."

"Kwano?" Ya girgiza kai. "Daga wancan tsaunin za a riƙa hango shi kamar haƙorin zinari a bakin tsohuwa. Ruwa in ya sauko, ɗalibanki ba za su ji numfashinsu ba, sai kiɗan ganga."

"Ina so ka gani da idonka ne."

"Na riga na gani, 'yata. Kowace safiya ina ganinsa, har da rufin. Ke ce ba ki gani ba tukuna."

Hemlata ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Da yamma Govindi ta tsaya ta daɗe tana kallon tsohon ɗakin surukanta, wanda marigayi mijinta Diwan ya girma a ciki, yanzu sai tarin harawa. Falalen dutsen rufinsa sun yi baƙi, gansakuka ta kama su, amma ko ɗaya bai tsage ba. 'Ya'yanta sun sha cewa a rushe shi, tana hanawa.

Washegari ta kira magina. "Ku kware rufin ɗakin nan. A hankali, kada ku fasa mini ko guda."

Trilok yana kwance a tsakar gida ya ji ƙarar. "Me kike yi wa ɗakin Diwan?"

"Diwan ya daɗe da barin sa. Harawa kuma ba ta da ƙorafi."

"Ba zai isa ba."

"Sha shayinka, Dajyu. Ba ni kaɗai ce mai tsohon ɗaki a garin nan ba."

Haka kuwa aka yi. Rabin gidajen ƙauyen a kulle suke, masu su sun koma birni, kuma Govindi ta san lambar wayar kowa, sai ta riƙa kira tana roƙon falalen tsofaffin ɗakunansu. Wasu suka yarda nan take, wasu sai da ta tuna musu wadda ta yi wa uwarsu jinya. Mata suka riƙa hawa da falale a ka, kamar masu dawowa daga itace. Trilok ba ya iya hawa kuma, sai ya sa aka juya gadonsa yana fuskantar hanya, duk wadda ta wuce ya ɗaga mata hannu.

Wata safiya Govindi ta leƙa ta kan katanga da gurasa a hannu. Yana jingine da matashi, ƙafafu a harɗe, hannaye a kan gwiwa, kamar yadda yake zama kullum yana jan numfashi. Ta kira shi sau biyu. Sai ta zagaya ta ƙofa, ta ajiye kwanon a ƙasa, ta gyara masa bargo a kafaɗa, sannan ta tafi kiran Hemlata.

Maza suka ɗauki gawarsa zuwa bakin kogi, inda ake ƙona mamata a al'adarsu. Magina ma sun bi su, suka dawo bayan kwanakin makoki suka ɗora inda suka tsaya.

Ranar da ruwan farko ya sauko, Govindi tana kan hanyar dawowa da ciyawar saniya, sai ta fake a zauren. Babu kowa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin, ruwa yana bin falalen a hankali yana gangarawa cikin kwatar da ke kai shi rijiya. Ta sauke kayan, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa. Can sama, tsakanin katako da dutse, wata tsattsewa tana shigowa da laka a baki.