Ƙeyar Anti Nas

Likita ya ce wa Umma ko ta bar tanis, ko ta bar raket ɗinta. Tsohon raket ne mai ƙaramin kai. Da shi take aika ƙwallo duk kusurwar da ta ga dama, amma sai ta zuba ƙarfin damtsenta duka, kuma in ƙwallon ta kauce wa tsakiyar raket ɗin ko kaɗan, girgizar a gwiwar hannunta take sauka. Har ta kai ko butar shayi ba ta iya ɗagawa da hannun dama.

Yaya ya ji daɗin maganar likitan, don ya daɗe yana cewa mace mai jikoki ba ta da abin nema a fili. Washegari Umma ta shigo da sabon raket mai faɗin kai, wanda Yaya ya ce zai yi kyau wajen tsane taliya.

Hannu ya samu sauƙi. Taɓawa kaɗan, ƙwallo ta tashi kamar an koro ta. Sai dai ba ta zuwa inda aka aike ta. A wasan bibbiyu, abokiyar wasa a gaban raga take tsayawa, ta ba mai bugun farko baya. Abokiyar Umma tun kafin a haife ni ita ce Anti Nas. Ƙwallon Umma ta same ta a kafaɗa, ta same ta a kunne, ranar Asabar kuma ta same ta a ƙeya har tabarau ya faɗi.

Anti Nas ta ɗauki tabaran ta goge a rigarta. Ta ce ita aiki take yi a asibiti, ba ta da niyyar kwanciya a can, don haka Umma ta koma tsohon raket ko ta nemi wata ƙeyar.

Koci ya nuna wa Umma ta daina dukan ƙwallon kai tsaye, ta riƙa shafarta daga ƙasa zuwa sama. Faffaɗan kai yana ba da wurin yin haka, ƙwallon ta juya ta faɗo cikin layi, amma hannu sai ya yi watanni kafin ya saba. Umma ta bi matan da ke benci ɗaya bayan ɗaya tana neman abokiyar wasa. Kowacce sai ta hau ɗaure takalmi.

A mota Yaya ya sassauta murya. "Umma, ai kin yi naki. Ba wadda za ta tsaya miki."

"To, sai in tsaya ni kaɗai."

Ya tuna mata cewa a wasan ɗaiɗai fili duka nata ne, ita za ta yi gudun mutum biyu. Ta ce ya kalli titi.

Da Asabar ta zagayo, Anti Nas ta yarda ta buga da ita, amma daga can ƙetaren raga, inda ta ce aƙalla tana ganin abin da ke zuwa. Ta lallasa Umma sosai. Rabin ƙwallayen Umma a jikin wayar shinge suka ƙare. Umma ta dafa gwiwa tana haki, Yaya ya taso da tawul da makullin mota.

Ta karɓi tawul ɗin, ta goge fuska, ta mayar masa.

"Nas, kar ki zauna," in ji ta. "Sake za mu yi."